Nomau Mai Gadin Tagwaye

A Tudun Marke, ƙasa da masallacin Juma'a kaɗan, akwai wani gida mai shuɗiyar ƙofar langa-langa. Nan Nomau yake zaune da matarsa Tabawa, da 'ya'yansu mata biyu, da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Inna, da awaki da suka fi mutanen gidan yawa. Nomau dogo ne, ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga fara'a, ba wanda ya taɓa jin ya yi faɗa da wani. Abu ɗaya ne kawai: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kunnensa, ba ya juya ta ya ga abin da ke ƙarƙashi. Tabawa ta taɓa ce masa ya duba mata tuwo za ta shiga maƙwabta. Ta dawo ta same shi tsugune yana kallon tukunya, tuwo ya ƙone ƙurmus, har ya ba ta labarin ta gefen da ƙonewar ta faro. Tun daga ranar ta koyi yi masa magana da kai da ƙafa, suka ci gaba da zamansu lafiya. Inna kuwa, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce, "Wannan ai zuciyarsa fara ce, kunnensa ne dai miƙaƙƙe."

Yana da ƙanwa, Barira, wadda ta yi karatun kwamfuta a birni ta dawo gida da aiki. Wata ƙungiya ce ta sa manyan kwamfutoci biyu a wani ɗaki bayan asibitin garin, irin waɗanda masu sana'ar ke kira saba, mutanen gari kuwa injuna suke ce musu. A cikinsu ake ajiye katin kowane majiyyaci na Tudun Marke da ƙauyukan kewaye, da bayanin magungunan da ke sito, su ne kuma ke aika wa mata saƙo ta wayar hannu idan ranar awo ko ta rigakafi ta matso. An yi su biyu ne don kada aiki ya tsaya. Duk abin da ɗaya ya rubuta, ɗayan na kwafa nan take, in kuma ɗaya ya lalace ɗayan ya ɗauki aikinsa. Da yake kamarsu ɗaya, Barira ta sa musu Hassan da Usaini.

Ana neman wanda zai riƙa share ɗakin yana tsare ƙofa. Barira ta ce ba ta da wanda ta yarda da shi kamar yayanta. Malam Sallau, shugaban asibitin, ya ce, "To, ke kika san yarensa."

Ranar farko ta kai shi ɗakin ta nuna masa injunan, ta ce, "Yaya, ga su nan. Zan je ƙauyen gaba in dawo. Kada ka ɗauke ido daga kansu." Ta dawo bayan la'asar ta tarar da shi tsaye inda ta bar shi, idanu sun yi ja suna hawaye, Tabawa na gefe tana ba shi ɗanwake a baki da cokali. Ya yi alwala a tsaye da butar da 'yarsa ta kawo, sallar ce dai ya ce sai an zo an karɓe shi.

"Ƙiftawa dai na yi," in ji shi, "amma da ido ɗaya-ɗaya."

Wata rana Barira ta nuna masa wata rawayar waya da ta haɗa injunan biyu ta baya. Ta ce ta cikinta suke jin bugun zuciyar juna. Muddin Usaini na jin bugun Hassan, ya san ɗan'uwansa na nan lafiya, sai ya tsaya a kan nasa aikin. "Kullum da safe ka duba ko zuciyarsu na bugawa," ta ce. Tana nufin ya kalli wata 'yar koriyar fitila mai ƙyaftawa, amma aka kira ta kafin ta nuna masa. Da safe Nomau ya kara kunne a jikin Usaini, ya kara a jikin Hassan, bai ji bugu ba sai gurnani, kuma na Hassan ya fi ƙarfi. Ya kulle ɗakin, ya je ya bi layin masu yankar kati. Mai yankar katin baƙuwa ce a garin, ga mutane sun yi mata yawa.

"Sunan majiyyaci?"

"Hassan."

"Shekarunsa?"

"Bai kai shekara ba."

"Me ke damunsa?"

"Ƙirjinsa na gurnani, jikinsa da ɗumi, zuciyar kuma ba na jin ta."

Ta rubuta da sauri, ta karɓi lambar wayar Tabawa, ta tura shi wurin Sista Ladidi, babbar ma'aikaciyar jinya. Sista ta ce a shigo da yaron maza. Nomau ya ce ba ya tashi, nauyi gare shi, sai dai ita ta zo. Ta suri jakarta ta bi shi har bayan asibiti tana tambayar ina uwar yaron, shi kuma yana cewa Barira ce ta kawo su daga birni shi da ɗan'uwansa, kowa a kwalinsa. Da ya buɗe ƙofa ta ga majiyyacin, sai da ta dafa bango don dariya. Amma da ta ga yadda hankalinsa ya tashi, ta sa abin sauraren ƙirji a kunne, ta ɗora a jikin injin, ta ce lafiyarsa ƙalau, gurnanin fanka ce. Katin nan kuwa ba wanda ya tuna ya goge shi. Bayan 'yan kwanaki ana cin tuwo, saƙo ya shigo wayar Tabawa cewa a kawo Hassan rigakafi. Inna ta ajiye lomarta ta dubi surukarta, ta ce, "Yaushe muka yi Hassan a gidan nan ban sani ba?"

Wata rana Barira ta zo gida da yamma, ta zauna a tabarmar Inna tana yi wa yayanta bayanin aikin gobe. Ta ce aikin da ke cikin injunan kashi-kashi yake, kowane kashi tana kiransa garke: akwai garken kati, da garken magani, da garken saƙo. Kowane garke kuma abu uku ne da ba sa rabuwa, rumbun da ake zuba bayanai, da adireshin da sauran kwamfutocin asibiti ke nemansa da shi, da manhajar da ke yin aikin. In za a tashe su daga wannan inji zuwa wancan, tare ake tashinsu, kuma bi da bi, rumbu ne kan gaba. Nomau yana ta gyaɗa kai, amma rabin hankalinsa na wurin wani ɗan akuya da ke cin gefen tabarma. Abin da ya shiga kunnensa sosai shi ne ƙarshen maganar: "Gobe da sassafe za mu kwashe garken duka mu kai wa Usaini, in samu in share Hassan. Kada a bar ko ɗaya."

To, a Tudun Marke akwai tagwaye na gaske, magidanta, Hassan mai faci da Usaini mai niƙa. Nomau ya yi tunani ya ga inji ba shi da inda zai ɗaure akuya, saboda haka mai niƙa ake nufi. Gari na wayewa ya kwance awakin gidan kaf, har da wadda ta haihu shekaranjiya, ya ɗauki 'ya'yanta a hammata, ya kora su rumfar niƙa. Usaini bai fito ba tukuna, amma mata sun riga sun jera kwanonin masara da dawa a ƙofar rumfar. Kafin ya iso awaki sun buɗe kowane kwano.

"Nomau, mene ne haka?"

"Garke ne. Barira ta ce a kawo maka duka."

"In yi yaya da su?"

"Ka riƙe su har ta gama share Hassan."

Sai da Tabawa ta auno masara da dawa daga rumbunsu ta mayar wa kowace mace abinta, Inna ta bi gida-gida tana ba da haƙuri. Barira ba ta yi masa faɗa ba. Ta jawo shi ɗakin injuna ta zaunar da shi kusa da ita, ta buɗe ƙaramar kwamfutarta ta ce ya kalla. Ta rubuta layi guda, wasu fitilu suka mutu a jikin Hassan, wasu suka kama a jikin Usaini. Ta ce garken saƙo ya ƙaura ke nan. Ta jira ta ga ya zauna daidai, ta tura na magani, sannan na kati a ƙarshe, da ta leƙa ta ga layin ya ragu. Mai yankar kati ko ɗago kai ba ta yi ba. Nomau ya duba ƙasa tsakanin injunan biyu, ya duba ƙarƙashin tebur.

"Ban ga sawunsu ba," ya ce.

"Ta cikin waya suka bi, Yaya."

Ya ɗaga wayar ya auna kaurinta da yatsa. Ya ce lallai awakin birni ƙanana ne.

Wata rana kuma aiki ya yi wa Usaini yawa, kati na daɗewa kafin ya buɗe. Barira ta leƙo ta ce, "Usaini ya ɗauki nauyi da yawa, sai an rage masa," ta wuce ofishin Malam Sallau, inda ta zauna ta mayar da garke ɗaya kan Hassan. Shi kuwa Nomau ya duba saman Usaini ya ga gidan tabaran Barira da wani tsumman goge ƙura. Ya sauke su. Can sai ya ji mai yankar kati na cewa aiki ya saki. Tun daga ranar ba a isa a ɗora ko makulli a kan injunan nan ba, ƙuda ma in ya sauka sai ya kore shi.

Wata rana ɓera ya ci rawayar wayar nan. Hassan ya daina jin bugun Usaini, Usaini ya daina jin na Hassan, kowanne ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu, kowanne ya tattara garken duka ya riƙe. Asibiti ya rikice. A yanki kati a gaba, a je ɗakin Sista a tarar babu shi. Mai ba da magani ya ga kwalba goma a wannan kwamfuta, ya ga huɗu a waccan. Barira ta kashe Usaini, ta sa sabuwar waya, ta wuni tana daidaita abin da kowanne ya rubuta shi kaɗai. Da ta gama ta jingina da bango a gajiye, ta ce, "Biyu ba sa raba gardama. Sai mun samo musu na uku, shaida, wanda in sun saɓa zai ce wane ne mai gaskiya."

Washegari ta iso ta tarar da Baba Jatau a ɗakin, zaune a kan buzunsa tsakanin injunan biyu, sandarsa a gefe. Baba Jatau tsoho ne da ba a ɗaura aure ko a raba gona a garin ba tare da shi ba, sai dai kunnensa ya yi nauyi.

Barira ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, lafiya dai?"

"Yayanki ya ce 'yan'uwa ne suka saɓa kan garke. Tun safe nake zaune, ba wanda ya ce uffan a cikinsu."

Ta yi ta bayani da ƙarfi har ya gane. Ya yi murmushi, ya ce to ai ba laifi, shi dai bai taɓa zama wuri mai daɗin wannan ba, don na'urar sanyaya ɗaki na ta busa masa iska. Da ta samo wani ɗan ƙaramin akwati mai aikin shaidar ta haɗa, Nomau ya ce wanda ya biyo tagwaye ai Gambo ne, sunan kuwa ya bi shi. Baba Jatau bai daina zuwa ba. Kullum bayan azahar sai ya shimfiɗa buzunsa, ya ce wa Nomau yaro ƙarami kamar Gambo bai isa shaida shi kaɗai ba, ya kishingiɗa ya yi barcinsa. Malam Sallau ya ce a ƙyale shi, muddin ba ya taɓa waya.

Wata rana Barira ta so ta gwada ko aikin Gambo ya zauna. Ta ce wa yayanta, "Ranar Laraba da hantsi Hassan zai mutu. Ni zan kashe shi da hannuna, mu ga yadda Usaini zai ɗauki gidan." Wannan karon Nomau ya san da injin ake, kuma abin ya taɓa shi, don ya saba da Hassan, kullum shi yake fara gogewa. Ya fita jiki a sanyaye ya zauna a teburin mai shayi, ya kasa shan komai. Aka tambaye shi abin da ya same shi.

"Hassan zai mutu ranar Laraba," ya ce. "Barira ce za ta kashe shi, wai don ta ga ko Usaini zai iya riƙe gidan."

Kafin magariba maganar ta zaga gari. Wasu suka yi dariya don sun san mai maganar, wasu kuwa suka ce Nomau bai taɓa ƙarya ba. Matar Hassan mai faci ta hana shi cin duk abin da ba ita ta dafa ba. Ran Laraba ya rufe rumfarsa, ya sa babbar riga, ya taho asibiti shi da ɗan'uwansa, mutane na biye da su. Ya tsaya a ƙofar ɗakin injuna ya yi sallama.

"Injiniya, na zo in ji laifin da na yi miki. Tayar babur ɗinki da ta sake sacewa, ƙusa ce sabuwa, ba facina ba ne."

Barira ta dubi taron, ta dubi yayanta, ta gane. Ta ba shi haƙuri, ta ce tunda sun zo su tsaya su ga mutuwar da idonsu. Suka yi cirko-cirko a ƙofa da taga. Ta kama wayar wutar Hassan. Nomau ya juya baya ya rufe fuska da hularsa. Ta zare. Fankar Hassan ta yi shiru, ɗakin ma ya yi tsit. Can fitilun Usaini suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, rumbu, adireshi, manhaja, har garke uku suka cika. Aka aika a tambayi Sista Ladidi, ta aiko cewa ita ba ta ga komai ba, aikinta take yi. Barira ta mayar da wayar, Hassan ya yi tari ya tashi, ta mayar masa da garkensa. Nomau ya share ido, ya fita ya sayo ƙosai tire guda ya raba sadaka. Hassan mai faci ya fi kowa ci. Ya ce ai shi ne aka yi wa rasuwar, kuma shi ne mamacin.

Haka aka yi ta tafiya har bazara ta shigo, zafi ya kai inda ko kare ba ya fita da rana.

Wata rana, ranar kasuwar garin, Barira ta zo da safe ta kwashe garke duka ta mayar kan Hassan, ta ɗaure su a can don kada su koma, sannan ta kashe Usaini da kanta. Fankarsa ce ta gaji, za ta sa sabuwa, kuma motar da za ta kawo ta sai yamma. Ta shafa jikin injin ta ji zafi rau.

"Yau Usaini ba shi da aiki," ta ce. "A bar shi ya huta ya sha iska. Ni zan je tasha in jira saƙon."

Nomau ya zauna yana kallon Usaini. Ya duba ɗakin, taga a rufe, ƙofa a rufe, iskar ma ta na'ura ce. Shi a saninsa ba a shan iska a cikin ɗaki. Ya je ya aro baro wurin masu gini, ya shimfiɗa bargo a ciki, ya zare wayoyin Usaini ɗaya-ɗaya yana ba shi haƙuri, ya rungume shi ya kwantar, ya lulluɓe shi da zanen Tabawa saboda rana. Baba Jatau bai zo ba ranar, yana kasuwa ana cinikin wani bijimi. Nomau ya kulle ɗaki, ya tura baro a hankali yana kauce wa duwatsu, ya bi ta bayan makaranta ya gangara fadama, inda wani babban mangwaro yake a bakin lambun albasa. Can iska ke kaɗawa ko da bazara. Ya ajiye baron a inuwa, ya yaye zanen, ya zauna gefe yana yi wa Usaini fifita yana nuna masa gonaki.

A bayan ɗakin injuna akwai tankin ruwan asibiti, ɗore a kan dogayen ƙarafa. Da safen nan aka cika shi maƙil. Ana gab da azahar ɗaya daga cikin ƙafafun, wadda tsatsa ta cinye ta ciki, ta lanƙwashe. Tankin ya kifo kan rufin, ya fasa kwano da silin, ya juye ruwansa duka a ɗakin. Har kasuwa an ji ƙarar. Ba wanda ya ji ciwo, amma duk kwamfutocin asibitin suka tsaya cik.

Barira ta iso a guje daga tasha. Aka ɓalle ƙofa, ruwa ya kwararo har idon sawu. Hassan na kwance ƙarƙashin katako da ruwa, yana hayaƙi. Ta tsaya tana kallonsa. Katin mutanen ƙauyuka na shekara da shekaru, wanda aka sha wahala aka kwashe daga takarda, a injunan nan biyu kawai yake, kuma ita ce ta ajiye su gefe da gefe.

Ana cikin haka aka shigo da wani yaro daga ƙauye a kan babur, zazzaɓi ya kama shi har yana shiɗewa. Uwarsa ta ce bara an yi masa wata allura a nan ta kusa kashe shi, jikinsa ya kumbura, aka ce an rubuta a katinsa kada a sake yi masa irinta. Sunan allurar ne ba ta sani ba. Sista Ladidi ta kwantar da shi tana shafa masa ruwa, ta leƙo ta ce, "Injiniya, ina son katin yaron nan yanzu."

Barira ta shiga cikin ruwan tana ɗaga katako, ko za ta sami Usaini da sauran rai. Ta ɗaga na farko, ta ɗaga na biyu. Wurinsa wayam, sai wayoyi a jere a kan tebur, an naɗe kowace da kyau.

"Ina Usaini? Ina Yaya?"

Wata mai sayar da gyaɗa a bakin ƙofa ta ce ta ga Nomau tun hantsi ya tura baro ya yi fadama, da wani abu lulluɓe da zane. Barira ta hau babur ɗin da ya kawo yaron, suka gangara. Daga nesa ta hango su a gindin mangwaro, Nomau ya miƙe ƙafa yana fifita, Usaini na baro a bushe, ko ƙura babu a jikinsa. Ta sauka, ta zauna a ƙasa.

"Yaya, me ya kawo shi nan?"

"Ke kika ce ya sha iska." Ya dube ta da kyau. "Na yi laifi ko?"

"Taso. Tura shi, mu je. A hankali, amma da sauri."

Ya tsaya yana tunanin wanne zai ɗauka a ciki, sai ta kama hannun baron ɗaya, suka tura tare. Aka kai Usaini ɗakin haihuwa, inda wutar sola take. Ta jona shi, ta jawo waya daga ofishin Malam Sallau, ta kunna. Tsohuwar fankar ta yi ƙara ta juya. Ta kwance ɗaurin da ta yi wa garken da safe, ta shaida wa Usaini cewa yau shi kaɗai ne, ta tashi garken kati tun kafin sauran. Rumbu ya buɗe, adireshi ya kama, manhaja ta tashi. Sista ta buga sunan yaron, katin ya fito da jan rubutu a samansa. Ta karanta, ta mayar da kwalbar da ke hannunta, ta ɗauko wata. Kafin la'asar yaron ya buɗe ido ya nemi ruwa.

Abin da aka rasa bai wuce rubutun safiyar ranar ba, shi ma ma'aikata suka mayar daga 'yan takardun da ke hannun majiyyata. Da yamma Malam Sallau ya tara su a ƙarƙashin dalbejiyar asibiti. Ya ce za a nemi wani Hassan ɗin, amma daga yau ba za su sake kwana ɗaki ɗaya ba, ɗaya a nan, ɗaya a can ginin gaba. Barira ta ce haka ya kamata ta yi tun farko. Malam Sallau ya kama hannun Nomau ya yi masa godiya a gaban kowa. Nomau ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai abin da ke damunsa, an ɗauko Usaini bai gama shan iskar ba.

Suka kama hanyar gida tare har suka kusa ƙofa. Sannan Barira ta ce, "Yaya, yau Allah ya rufa mana asiri ta hannunka. Amma ni daga yau sai na auna maganata kafin in faɗa maka."

Ya ce hakan ya yi kyau.

Da safe ta shiga ɗakin haihuwa duba Usaini, ta tarar da yayanta ya riga ta, ya share wurin tas, yana zaune a bakin ƙofa. A gefensa ga mudun Tabawa, an wanke shi an goge. Ya miƙa mata da hannu biyu.

"Tabawa ta ce ki riƙe har Juma'a," in ji shi. "In maganar ta fi mudu, akwai tiya a gida."